Zamanin da Ake Buga wa Intanet Waya

Ranar 30 ga Satumba, 2025, kamfanin AOL na Amurka ya rufe hanyar shiga intanet ta wayar girke, bayan ya shafe fiye da shekara 30 yana sayar da ita. Da yawa sun yi mamakin jin cewa ashe har zuwa lokacin akwai masu amfani da ita. Alƙaluman hukumar ƙidayar Amurka na 2023 sun nuna gidaje sama da 160,000 ne a ƙasar ba su da wata hanyar shiga intanet sai wannan. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda manyan mutane, masu furfura a gemu, suka dinga tura wa juna sautin modem suna cewa ya tuna musu da ƙuruciya. Alhali ƙara ce marar daɗi, tsuwwa da ƙaraurawa da wani dogon shuuu, wadda a zamaninta ban taɓa jin wanda ya yabe ta ba.

Bahaushe ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A nan karin maganar ta ɗan yi tuntuɓe, domin ta duk fuskar da za a auna, bana ta fi bara: sauri, araha, yawan masu samu. To me ake kewa?

Wanda bai riski zamanin ba sai an yi masa bayani. An shimfiɗa layin tarho ne don ya ɗauki muryar ɗan'adam, wato amo mai kaɗawa daga 300 zuwa 3,400 a daƙiƙa. Ita kuwa kwamfuta ba ta san komai ba sai sifiri da ɗaya. Aikin modem shi ne ya mayar da sifiri da ɗayan nan sauti, ya tura ta waya, wani modem ɗin a can ya saurara ya mayar da su yadda suke. Kiran waya ne na gaske kwamfutar take yi, da lamba, da jiran a ɗauka. In masu kira sun cika layukan kamfanin, sai ka ji tut-tut-tut, ka sake bugawa.

In an ɗauka, sai na'urar can ta saki doguwar tsuwwa mai kaɗawa 2,100, wadda ke shaida wa injinan kamfanin waya cewa ba mutane ne a kan layi ba, su janye na'urarsu ta hana amsa-kuwwa. Daga nan kowane modem ya faɗi irin saurin da yake iyawa. Sai su jera sautuka iri-iri don su gane inda layin yake da lafiya da inda yake da hayaniya, shuuu ɗin ƙarshe kuma gwaji ne na tabbatar da cewa kowa yana jin ɗan'uwansa. Duk wanda ya ga dattawa biyu sun haɗu a hanya, sai sun tambayi gida da iyali da gajiya da sanyi kafin a taɓo abin da ya kawo su, ya ga abin da modem biyu suke yi cikin rabin mintin nan. Da gangan aka bar lasifikar a buɗe, don mai kwamfuta ya ji ko layi ya cika, ko kuwa an kuskure lamba wani bawan Allah ya ɗauka yana ta halo halo. Da zarar an daidaita, sai lasifikar ta yi shiru, an shiga ke nan.

Saurin ya hau ne mataki-mataki. Modem ɗin Bell 103 na 1962 yana tura bit 300 a daƙiƙa, kimanin harafi 30, har mai karatu yana iya bin rubutun da ido yayin da yake fitowa. A 1981 kamfanin Hayes ya fito da Smartmodem, wanda kwamfuta ke iya umarta ya buga lamba da kansa, kuma umarnin nan da ke farawa da AT ya zama yaren da kusan duk modem ɗin da ya biyo baya yake ji. Aka kai 14,400 a 1991, aka kai 28,800 a 1994, aka kai 33,600 a 1996, sannan aka tsaya a 56,000 da ƙa'idar V.90 ta 1998. Ko wannan ma a jikin kwali yake. Layi mai hayaniya yakan rage saurin zuwa rabi ko ƙasa da haka. Hoto ɗaya na wayar yau mai megabayit 3 zai ci kamar minti goma kafin ya sauka. Gigabayit ɗaya da yaro ke ƙarar da shi a hantsi guda yana kallon bidiyo, a kan modem mafi sauri sai ya kwashe wajen awa 40 ba tare da layi ya yanke ba.

Kwamfutar gida ita ma tana da nata tarihin. A 1977 aka fito da Apple II da Commodore PET da TRS-80 a Amurka. A 1982 Commodore 64 ta shigo kasuwa a kan dala 595 da ƙwaƙwalwar kilobayit 64, a Ingila kuma kamfanin Sinclair ya fito da ZX Spectrum. Da talabijin ɗin falo ake haɗa su, manhaja kuma a kaset take, irin kaset ɗin rikoda, sai an yi mintuna ana jiran ta loda. Idan ka kunna irin wannan kwamfuta, fili kawai za ka gani da ɗan ɗigo yana ƙiftawa, tana jiran ka rubuta mata umarni da yaren BASIC. Mujallu kan buga manhajar wasa layi-layi, yara su zauna su kwafe da hannu, harafi ɗaya ya kuskure komai ya tsaya, sai an bi an gano shi. A Chicago kuwa, dusar ƙanƙarar da ta tsare mutane a gida a Janairun 1978 ce ta ba Ward Christensen da Randy Suess sararin haɗa wata kwamfuta da za a kira ta waya a bar saƙo, wani ya kira daga baya ya karanta. Mutum ɗaya take ɗauka a lokaci guda, saura su jira.

Wannan ƙuruciyar yaran Amurka da Ingila ce, kuma ita ce akasarin masu kewar nan suke tunawa. Tamu ta sha bamban. Kafin zuwan wayar salula ta GSM a 2001, layukan waya masu aiki a Nijeriya ba su wuce rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100. Gana ta riga mu samun cikakken intanet a 1995 ta hannun Nii Quaynor da kamfaninsa. A Nijeriya sai a 1996 hukumar NCC ta ba kamfanoni lasisin sayar da intanet, Linkserve ya fara aiki a Legas a 1997. Kafin haka, 'yan tsirarun da ke da imel a ƙasashenmu, ta wata dabara suke samu: kwamfuta ta tara saƙonnin yini, da dare ta buga waya ta miƙa su gaba ɗaya, ta karɓo waɗanda suka iso. Tsarin FidoNet da Tom Jennings ya ƙirƙiro a 1984 ya yi wannan aikin a wurare da dama na Afirka, a Yamai kuma masu bincike sun samu imel ta hanyar cibiyar binciken Faransa ta ORSTOM. Amsar wasiƙa ta zo washegari, a lokacin abin al'ajabi ne ga wanda ya saba jiran ambulan daga Landan mako biyu ko uku.

Saboda haka a wurinmu kwamfuta ba ta fara zama a gida ba. A ofis ta fara, da jami'a, da bizines santa. Ɗakinta shi ne mai na'urar sanyaya ɗaki ko da na shugaban wurin babu, a wasu wuraren har takalmi ake cirewa a ƙofa. Da yamma a lulluɓe ta da leda saboda ƙurar hunturu. Gidajen da suka mallake ta kaɗan ne, kuma a can ne rigimar waya take, domin layi ɗaya ne ga intanet da mutanen gida. Na taɓa zama a irin wannan gida ana saukar da wata takarda, an kusa gamawa, sai uwar gidan ta ɗaga kan waya a falo za ta kira ƙanwarta. Tsuwwar ta doki kunnenta.

"Innalillahi! Wayar nan ta lalace."

"Hajiya, don Allah ki ajiye, saura kaɗan!"

"In ajiye? Kai ka biya kuɗin wayar? Tun safe kawunku yake nema bai samu ba."

Kafin ta ajiye layi ya riga ya yanke, aka koma farko. Shi ya sa masu wayo suke bari sai dare ya raba, gida ya yi barci, su lulluɓe modem da matashi kada ƙararsa ta tashi maigida.

Mu sauran jama'a kafe, wato shagon intanet, muka sani. Ka biya a kanta, a ba ka 'yar takarda mai lambar sirri, ta rabin awa ko ta awa ɗaya. Kana shigar da ita agogo ya bayyana a kusurwar allo yana cin lokacinka. A farkon lamari kwamfutoci da yawa ne suke rabon layin waya ɗaya, kafin masu hali su kafa kwandon tauraron ɗan'adam a kan rufi. Shafi yakan buɗe daga sama zuwa ƙasa, hoto ya fara da hula, a jima goshi ya fito, a jima ido. Wannan ya koya wa mutane shiri. Tun a gida ake rubuta wasiƙa a takarda, ko a buga ta a adana a faifan filofi, in an zo sai a liƙa a tura. A buɗe shafi uku ko huɗu, ana karanta ɗaya saura suna lodi. Wanda ya ƙware yakan kashe hotuna gaba ɗaya, ya karanta labaran shafin Gamji ko na sashen Hausa na BBC da rubutu zalla. Akwatin Hotmail megabayit 2 ne, na Yahoo 4, don haka kowane zuwa sai an zaɓi wasiƙar da za a goge. Lokacin da Gmail ya zo ranar 1 ga Afrilu, 2004 da gigabayit guda, mutane da yawa sun ɗauka zolaya ce. Kana tsaka da rubutu sai ka ji yaron shago a kanka: "Malam, saura minti biyar, za a ƙara?" In kuma aka ɗauke wuta, ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki salati, a zauna jiran a tayar da janareto, abin da ba a tura ba ya tafi.

Sana'ar masu rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya ma kafe ta koma. Dattijo ya zo da adireshin ɗansa da ke karatu a Sudan ko Malesiya a rubuce a bayan kati, ya zauna kusa da yaron shago yana faɗa ana bugawa. Da cacar bizar Amurka ta koma ta intanet kaɗai a 2003, sannan rajistar JAMB da duba sakamakon WAEC suka bi sahu, sai kafe ya zama wurin da kowane gida mai ɗalibi ya san hanyarsa.

Idan na auna abin da ake kewa, abu biyu nake gani. Na farko sani ne. Na'urar da ke yawan lalacewa takan tilasta wa mai ita ya san cikinta. Mai modem na waje ya san ma'anar kowace fitila a goshinsa: wannan ta ɗaga waya ce, wannan ta samun ɗan'uwa a can, waɗannan biyun masu ƙiftawa na aikawa da karɓa. Tun daga sautin gaisuwar yake gane yau layi zai yi kyau ko ba zai yi ba. Ya san in hadari ya taso da damina a zare wayar daga bango, don tsawa ta layin tarho take biyowa ta ƙone modem. Ya iya kwance akwatin kwamfuta ya hure ƙura, ya ƙara ƙwaƙwalwa, ya sake ɗora Windows 95 daga filofi 13, yana addu'ar kada na goma sha biyu ya ƙi karantuwa. Ba makaranta ce ta koyar da wannan ba, matsala ce. Yau gwanintar tana nan, duk wanda ya shiga kasuwar waya ta Fam Santa a Kano ya ga yara suna aiki a kan allon waya da madubin ƙara girma ya san haka. Amma ta tattara a hannun masu gyara. Mai wayar kansa an manne masa ita da gam, ko batir ba ya iya cirewa, in ta ƙi aiki iyakarsa ya ce babu sabis.

Na biyu niyya ce. A da intanet wuri ne da ake zuwa da buƙata, a biya ta, a tashi. Kuɗin kira yana tafiya, agogo yana ci, wani yana tsaye a bayanka yana jiran kujera. Ba a shiga don a rasa abin yi. In ka fito ka fito, babu abin da zai biyo ka gida ya yi maka ƙara a aljihu kana cin tuwo ko kana sahun salla. Tsada da wahala ne suka gina wannan katangar, ba hikimarmu ba, kuma da suka rushe ba mu gina wata a madadinta ba.

Sai dai kada kewa ta rufe mana ido. Duniyar nan ta 'yan kaɗan ce: mazauna birni, masu Turanci, akasari maza. Mace nawa ce za ta iya zuwa kafe ta zauna cikin samari, balle ta kwana a can don ta samu sauƙin farashin dare? Ƙauye nawa ne ya taɓa ganin layin waya? Zuwan MTN da Econet a 2001, da Glo a 2003 da lissafinsa na daƙiƙa-daƙiƙa, da igiyoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, su suka kai abin inda modem bai taɓa mafarkin zuwa ba. Yau tsohuwar da ba ta yi boko ba tana danna WhatsApp ta aika wa jikanta murya a Agadas ko Kumasi, ya amsa kafin ta sauke tukunya. Babu mai hankalin da zai ce a mayar da ita zamanin tikiti.

Harshenmu ma ya sha wuya a wancan zamani. Tsarin haruffan da kwamfutocin farko suka ginu a kai gurbi 128 ne kacal, an yi shi don Turanci, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Masu rubuta imel da Hausa kowa ya yi ta kansa: wani ya sa waƙafi a gaban harafi, wani a baya, wani ya ari q, wani ya bar mai karatu ya raba ƙasa da kasa da kansa. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka share wa marubuta hawaye, da ya ƙera zubin haruffa masu lanƙwasa irin su Rabi'at, aka dinga buga Hausa da su. Irin waɗannan haruffa na wancan lokaci suna da sharaɗi guda: sai kwamfutar da za ta buɗe rubutun ita ma tana da su, in ba haka ba wasu alamomi ne za su fito a gurbin masu lanƙwasar.

A nan ne nake ganin ya kamata kewar ta zama aiki. Sautin modem ba zai ɓata ba, an naɗe shi, yana ko'ina. Tsofaffin kwamfutocin Turawa suna gidajen tarihi, masu sha'awa sun kwafe wasanninsu kaf, ana buga su a kan waya. Abin da ke salwanta namu ne. Littattafan Hausa da suka cika kasuwar Kano a shekarun 1990, da yawansu a bizines santa aka buga su aka tsara shafukansu, aka adana a filofi mai megabayit 1.44. Haka kundayen digiri, da mujallun ƙungiyoyi, da labaran finafinan farko, da wasiƙun 'yan ci-rani. Filofi ba ya son zafi, ba ya son laima, ba ya son ƙura, mu kuwa duka ukun muna da su. Sony ya daina ƙera shi a 2011. Abin da aka ɗora a intanet ma bai tsira ba: an rufe GeoCities a 2009 da shafukan mutane a ciki, an rufe zaurukan Yahoo a 2020, inda marubuta da manazartan Hausa suka yi shekaru suna muhawara. Ma'adanar Internet Archive da Brewster Kahle ya kafa a 1996 ta ceto wani abu, amma abin da na'urarta ta ci karo da shi kawai ta ɗauka, ba ta san wanne ne mai daraja a wurinmu ba.

A Gidan Arewa da ke Kaduna akwai takardun ajami da na Larabci da aka rubuta da tawada tun ƙarni na 19, kuma duk mai ilimin karatunsu zai zauna ya karanta yau. Rubutun da aka buga a kwamfuta a 1998 kuwa sai an nemo na'urar karanta filofi, a yi sa'a faifan bai mutu ba, a samo manhajar da ta san tsarinsa, sannan a samo haruffan da aka buga shi da su. Kowace shekara ɗaya daga cikin matakan nan huɗu yana ƙara wuya.

Har yanzu dai ana samun na'urar karanta filofi mai shiga ramin USB, kuma ba ta da tsada. Masu tsofaffin bizines santa da yawa suna raye, wasunsu ba su zubar da kwalayen faya-fayensu ba, suna ƙarƙashin kanta ko a sito. Marubutan da suka ba su aiki sun san su da suna. Sassan Hausa na jami'o'inmu da ƙungiyoyin marubuta za su iya tura ɗalibai su bi shago-shago su kwafe abin da ya rage, su mayar da haruffan zuwa tsarin Unicode da kowace waya ke karantawa, su rubuta sunan mai aikin da shekararsa. Wanda kuma mahaifinsa ya yi aikin ofis ko koyarwa a wancan zamani, ya tambaye shi yau: "Baba, ina kwalin filofin nan naka?" In an yi jinkirin shekara goma, ko an samo kwalin ba lalle a sami abin karantawa a ciki ba.